FASHIN BAƘI: Rumbun jira, da dalilin juye shi kafin manhaja ta kira wata manhajar

Ga wata 'yar manhaja mai layi huɗu da aka rubuta da harshen Python:

import subprocess
print("An fara aiki")
subprocess.run(["date"])
print("An gama aiki")

Layi na biyu yana sanar da fara aiki, na uku yana kiran umarnin date, wanda ke nuna kwanan wata da lokaci a tsarin Unix da Linux, na huɗu kuma yana sanar da kammalawa. Idan aka gudanar da ita a allon umarni, komai zai fito daki-daki kamar yadda aka rubuta: sanarwar farawa, kwanan wata, sanarwar gamawa. Amma da zarar an karkatar da sakamakon zuwa fayil da alamar >, sai kwanan watan ya hau sama, sanarwar biyu su biyo bayansa. Duk wanda ya karanta fayil ɗin zai ɗauka cewa an duba lokaci tun kafin a fara aiki, alhali kuwa manhajar ta bi layukanta ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta tsallake ko guda ba.

Musabbabin wannan ruɗani shi ne rumbun jira: wani ɗan fili a cikin ƙwaƙwalwar manhaja, inda take tara abin da za ta rubuta kafin ta miƙa shi gaba. Maganinsa kuma tsohuwar ƙa'ida ce a wurin masu rubuta manhajojin layin umarni: a juye rumbun tukuna, sannan a kira wata manhajar.

Mene ne rumbun jira?

Manhaja ba ta da ikon taɓa faifai ko allo da kanta. Duk lokacin da take son rubuta wani abu, sai ta roƙi kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ta hanyar wani kira mai suna write. Kowane kira yana cin lokaci, domin dole ne kwamfuta ta dakatar da aikin manhajar, ta shiga ɓangaren kanel, ta biya buƙatar, sannan ta dawo.

A ɗauka akwai layi 1,000,000 da za a rubuta, kowane mai bayit 40. Idan kowane layi zai tafi shi kaɗai, kira miliyan guda ke nan. Idan kuwa ana tara su a rumbu mai cin bayit 4,096, ana miƙawa idan ya cika, kiran ba zai wuce 9,766 ba. Wannan ragi, da ya haura ninki ɗari, shi ne dalilin samuwar rumbun.

Wanda ya san tashar mota ya san tsarin. Motar haya ba ta tashi sai lodi ya cika, domin direba ba zai ƙona mai a kan fasinja ɗaya ba. Fasinjan da ya riga kowa zuwa yana iya shafe sa'o'i a zaune, yayin da wanda ya zo bayansa ya ɗauki shata ya riga shi isa gari. Sanarwar “An fara aiki” ita ce fasinjan farko, kwanan watan kuma shi ne mai shata.

Asalin tsarin

A shekarar 1969 ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara aikin Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Jihar New Jersey a Amurka. A 1973 aka ƙara masa bututu, dabarar da Douglas McIlroy ya daɗe yana neman a aiwatar, wadda ke ba da damar zuba sakamakon manhaja ɗaya kai-tsaye a cikin wata. Daga nan Unix ya ginu a kan ƙananan manhajoji masu kiran juna da miƙa wa juna aiki.

Taskar kayan karatu da rubutu ta harshen C, mai suna stdio, ta yaɗu ne tare da bugu na 7 na Unix a 1979. Ritchie ne ya gina ta a kan wani aiki da Mike Lesk ya fara. Ƙa'idar harshen C da hukumar ANSI ta fitar a 1989 ta tabbatar da ita, kuma yawancin harsunan da suka zo daga baya sun kwaikwayi halayenta.

A wannan tsari, kowace manhaja tana farawa da ƙofofi uku a buɗe. Ƙofa mai lamba 0 ita ce mashigar bayanai, wato stdin. Mai lamba 1 ita ce mafitar sakamako, stdout. Mai lamba 2 kuma mafitar kuskure ce, stderr. Taskar stdio tana da hanyoyin tari iri uku da take raba wa ƙofofin.

Na farko shi ne tari cikakke, inda ba a miƙa komai sai rumbu ya cika ko manhaja ta kammala aikinta. A Linux, girman rumbun ya fi zama bayit 4,096 ko 8,192. Na biyu shi ne tarin layi-layi, inda ake juye rumbu duk lokacin da layi ya ƙare. Na uku shi ne rashin tari, inda kowane rubutu ke wucewa nan take.

Mafitar kuskure ba a yi mata tari cikakke, domin gargaɗi ba ya son jinkiri. Mafitar sakamako kuwa tana sauya hali gwargwadon inda ta dosa. Idan allon umarni ne, inda ake sa ran mutum na zaune yana kallo, tarin layi-layi ake yi. Idan fayil ne ko bututu, sai a koma tari cikakke. Wannan ne ya sa matsalar ke da wuyar kamawa: mai rubuta manhaja yana gwada ta a gaban allonsa, ya ga komai lafiya, sai bayan an ɗora ta a kan saba, inda sakamako ke tafiya fayil, aibin ya bayyana.

Yadda manhaja ke kiran wata

A Unix da danginsa, irin su Linux da macOS, kiran wata manhaja yana da matakai biyu a bisa al'ada. Na farko shi ne fork, inda manhajar da ke gudana ke rabewa gida biyu: uwa da 'ya. 'Yar tana samun kwafin ƙwaƙwalwar uwar baki ɗaya, tare da gadon ƙofofinta, ma'ana dukkansu biyu suna rubutu a wuri ɗaya. Mataki na biyu shi ne exec, inda 'yar ke shafe duk abin da ke ƙwaƙwalwarta ta ɗora sabuwar manhajar da ake son gudanarwa, amma ƙofofin nan uku su ci gaba da zama a buɗe. Kira irin su system da popen a C, da subprocess a Python, sauƙaƙe hanya ce ta yin wannan aikin.

Abin lura a nan shi ne kanel ne ke aiwatar da fork da exec, shi kuwa bai san da rumbun jira ba. Rumbun yana cikin ƙwaƙwalwar manhajar, kuma a idon kanel ba shi da bambanci da sauran bayanan da ke wurin. Saboda haka zai kwafe shi ko ya shafe shi ba tare da ya rubuta abin da ke ciki ba.

Illoli huɗu

Illa ta farko ita ce rikicewar jeri, wadda aka gani a misalin farko. Rubutun uwa yana zaune a rumbu, 'ya ta yi aikinta ta rubuta nata ta fita, sai daga baya na uwar ya iso. Ko a allon umarni hakan na iya faruwa, idan uwar ta buga tambaya irin “Shigar da suna:” ba tare da ta rufe layin ba, domin tarin layi-layi yana jiran ƙarshen layi ne. Haka kuma idan aka haɗe mafitar sakamako da ta kuskure a fayil ɗaya, saƙon kuskure yakan riga layukan da suka gabace shi fitowa, har a ɗora laifi a kan matakin da ba shi ya jawo matsalar ba.

Ta biyu ita ce maimaici. Tun da fork yana kwafe ƙwaƙwalwa duka, abin da ke cikin rumbu ma yana zama biyu. Idan 'yar ta kammala ta hanyar kiran exit, wanda ke juye duk rumbuna kafin fita, za ta rubuta kwafinta, uwar ma ta rubuta nata daga baya. Manhajar C da ta buga layi ɗaya sannan ta yi fork za ta nuna layin sau ɗaya a allo, amma sau biyu a fayil. Idan uwar ta haifi 'ya'ya goma ba tare da ta juye rumbu ba, kuma kowace ta fita da exit, layin zai bayyana sau goma sha ɗaya. A fayil ɗin da ake tattara alƙaluma, wannan na nufin a ƙirga abu ɗaya sau da yawa.

Ta uku ita ce ɓata. Idan manhaja ta kira exec kai-tsaye rumbunta na ɗauke da rubutu, rubutun ya tafi ke nan, babu saƙon kuskure, babu wata alama. Bayanan jagora na Python sun yi gargaɗi a kan wannan a sashen da ke bayanin dangin exec. Irin wannan asarar ce ke aukuwa idan manhaja ta faɗi ba zato, ko aka kashe ta da umarnin kill -9: layukan ƙarshe, waɗanda su ne za su fi bayyana abin da ya faru, su ne ke salwanta.

Ta huɗu ita ce cijewa. Idan manhajoji biyu na magana ta bututu, uwa ta rubuta tambaya tana jiran amsa, amma tambayar tana nan a rumbunta, to 'yar ma jira za ta yi, domin babu abin da ya iso mata. Haka za su zauna kowace na sauraren ɗaya har sai wani ya kashe su. Ƙanwar wannan matsala ita ce jinkirin da ake gani idan aka jera tail -f da grep da wata manhaja ta uku domin bibiyar kundin aiki kai-tsaye: grep yana samun layukan, amma yana riƙe da su har rumbunsa ya cika.

Magani daga cikin manhaja

A harshen C, kiran fflush(stdout) yana juye rumbun mafitar sakamako, fflush(NULL) kuma yana juye na duk fayilolin da aka buɗe domin rubutu. Ana sanya shi dab da fork, ko system, ko popen, ko exec. Git, manhajar adana tarihin rubutun manhajoji da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, tana kiran wasu manhajoji a kai a kai, kamar editan rubutu da ssh, kuma a sashen da ke wannan aikin tana kiran fflush(NULL) kafin ta haifi 'ya.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi 'yar. Idan exec ya gaza, misali ba a sami manhajar da ake nema ba, 'yar za ta fita ne da _exit, mai ɗan layi a gabansa, wanda ba ya taɓa rumbunan stdio. A al'adance ana fita da lamba 127, wadda ke nufin ba a sami umarnin ba.

Ƙa'ida ta uku ita ce a duba amsar da fflush ya dawo da ita. Idan faifai ya cika, printf yana iya nuna nasara, domin a rumbu kawai ya ajiye rubutun. A lokacin juyewa ne gazawar ke fitowa fili. Linux yana da wani fayil na musamman, /dev/full, wanda kullum ke cewa babu sauran wuri, kuma ana amfani da shi wajen gwada ko manhaja na lura da irin wannan gazawa.

Akwai mai ganin cewa a kashe rumbun gaba ɗaya da setvbuf a huta. Hakan na aiki ga manhajar da rubutunta kaɗan ne. Ga mai fitar da miliyoyin layuka kuwa, an koma gidan jiya na kira miliyan guda. Juyewa a gaɓoɓin da suka dace yana riƙe saurin, ya kuma gyara jerin.

Yadda harsuna suka bambanta

Kowane harshe da matsayinsa. Perl, tun daga siga ta 5.6.0 ta shekarar 2000, yana ƙoƙarin juye duk fayilolin rubutu da kansa kafin ya yi fork, kuma yana da alamar $| da ke tilasta juyewa bayan kowane rubutu. A gawk, kiran system yana juye rumbuna kafin gudanar da umarni, shi ya sa tsofaffin masu amfani da awk ke rubuta system("") idan juyewar kawai suke so.

Python ba ya juye mafitar sakamako kafin subprocess. Mai rubutu ne zai kira sys.stdout.flush(), ko ya ƙara flush=True a cikin print, damar da ta shigo da siga ta 3.3 a 2012. Ana kuma iya gudanar da manhajar da python -u, ko a saita PYTHONUNBUFFERED. Gyaran misalin farko bai wuce sauya layi na biyu zuwa print("An fara aiki", flush=True) ba.

A C++, std::endl yana rufe layi ya kuma juye rumbu, saɓanin alamar \n da ke rufe layi kawai. A Go, mafitar sakamako ba ta da rumbu sai wanda mai rubutu ya ɗora da bufio, kuma juye shi na wuyansa. Rust yana yin tarin layi-layi ko da fayil aka dosa. Windows ba shi da fork, don haka maimaici bai dame shi ba, amma rikicewar jeri na nan daram, tun da uwa da 'ya na iya rubutu a wuri ɗaya.

Magani daga waje

Sau da yawa manhajar da ke riƙe rubutu ta wani ce, ba a da damar gyara ta. Umarnin stdbuf, da ya shiga tarin GNU coreutils a 2009, yana sauya tsarin tarin manhaja a lokacin tayar da ita: stdbuf -oL yana mayar da mafitar sakamako tarin layi-layi. Yana da iyaka, domin ba ya tasiri a kan manhajar da aka ɗinke taskar C a jikinta, ko wadda ke saita rumbunta da kanta. Umarnin unbuffer, na tarin Expect da Don Libes ya ƙirƙira a 1990, yana bin wata hanya daban: yana ƙirƙiro allon umarni na bogi, manhajar ta zaci mutum na kallo, sai ta koma layi-layi. Wasu manhajojin suna da nasu makunnin, kamar grep --line-buffered da sed -u.

Juyewa daban, adanawa a faifai daban

Kiran fflush yana kai rubutu hannun kanel ne kawai. Wannan ya wadatar wajen gyara jeri, domin uwa da 'ya duk ta hannun kanel suke bi. Sai dai shi ma kanel yana da nasa rumbun. A saitin asali na Linux, bayanai na iya kai kimanin daƙiƙa 30 a ƙwaƙwalwa kafin a ɗauke su a matsayin waɗanda lokacin rubuta su a faifai ya yi. Idan aka ɗauke wuta a tsakanin nan, kuma babu batirin ko-ta-kwana, abin da bai sauka a faifai ba ya tafi. Kiran da ke tilasta saukar shi ne fsync, kuma jerin da ya dace shi ne fflush tukuna, sannan fsync.

An ga muhimmancin wannan bambanci a 2009, lokacin da masu gwada tsarin fayil na ext4 a Ubuntu suka riƙa tarar da fayilolinsu babu komai a ciki bayan kwamfuta ta tsaya ba shiri. Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya danganta lamarin da manhajojin da ba sa kiran fsync, kuma an ƙara wasu matakan kariya a siga ta 2.6.30 ta kanel ɗin Linux. A ƙasar da wutar lantarki ke tafiya ba sallama, darasin bai tsufa ba.

Abin da ya shafi mai karanta kundin aiki

Kundin aiki, wato fayil ɗin da manhaja ke rubuta abin da ta aikata mataki-mataki, ya zama hujja a binciken kutse, da rigimar banki da abokin hulɗa, da shari'ar zaɓe. A Najeriya, Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗan karɓar takardar da kwamfuta ta samar, ciki har da nuna cewa kwamfutar na aiki yadda ya kamata a lokacin. A shari'ar Kubor da Dickson, wadda ta taso daga zaɓen gwamnan Jihar Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da wasu takardu da aka buga daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan sashen ba.

Rumbun jira yana nuna cewa kwamfuta na iya kasancewa lafiya ƙalau, amma jerin layukan kundinta ya saɓa wa jerin abubuwan da suka faru. Manhajar da ke gudana ƙarƙashin cron, ko systemd, ko cikin Docker, yawanci ba ta da allon umarni, don haka tari cikakke take yi. Idan mai tattara kundi ne ke buga lokaci a kan kowane layi, kamar yadda journald ke yi wa abin da ya fito ta mafitar sakamako, lokacin isowar layin yake rubutawa. Layuka ɗari da suka faru cikin awa guda suna iya ɗaukar tambarin daƙiƙa ɗaya, saboda tare suka fito daga rumbu.

Saboda haka ɗan jarida, ko lauya, ko mai sa ido da aka miƙa wa irin wannan kundi yana da tambayoyin da ya kamata ya yi. Wa ya buga lokacin da ke kan layukan, manhajar da ta yi aikin ko mai tattarawa? Manhajoji nawa ne ke rubutu a fayil ɗin? An haɗe mafitar kuskure da ta sakamako? Manhajar ta kammala da kanta ne, ko kashe ta aka yi? Layi biyu iri ɗaya na iya zama aiki biyu, na iya zama aiki ɗaya da fork ya kwafe. Layin da babu shi na iya zama sharewa da gangan, na iya zama rumbun da ba a juye ba. Amsar waɗannan tambayoyi ce ke bambance maguɗi da aibin manhaja, kuma kuskure a kowane ɓangare yana da tsada: ko a zargi mai gaskiya, ko a wanke mai laifi.

Yadda ake gwadawa

Gwajin bai da wahala. A gudanar da manhajar sau uku: a allon umarni, sannan a karkatar da sakamakonta zuwa fayil, sannan a zuba shi ta bututu zuwa cat. Idan jerin layuka ko adadinsu ya bambanta, akwai rumbun da ba a juye ba. A Linux, umarnin strace -f yana nuna duk kiran da uwa da 'ya'yanta ke yi wa kanel bi da bi. A misalin farko, zai nuna 'yar ta rubuta kwanan wata ta fita, sannan uwar ta yi kiran write guda ɗaya tal a ƙarshe, ɗauke da sanarwar farawa da ta gamawa a haɗe. Bayan an ƙara flush=True, kiran uwar zai zama biyu, na 'yar kuma ya faɗo a tsakaninsu.